Ruwan Da Ba A Zubar Ba

Kwarin Laurel, Kentucky
21 ga Maris, 1954

Zuwa ga jikata Oleta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijin nan naki Denzil mai dogon wuya. Ni dai ina nan ban mutu ba, in ma jira kike yi. Gwiwar hagu ta hana ni sakat tun Kirsimeti, amma ta dama tana ɗauke da mu duka. Alfadarina Sanata yana nan ƙalau, ci kawai ba aiki, shi ya sa na raɗa masa sunan.

Wasiƙarki ta iso ran Juma'a. Kwana biyu na yi ina karanta ta. Kin san matata marigayiya Dovie ce ta koya mini haruffa ina da shekara arba'in, har yau kuma kamar awaki suke a wurina, in na kamo wannan wancan ya tsere. Amma na gane abin da kika ce: jiri, kasala, in za ki hau benenku sai kin zauna a tsakiya, likitan masana'anta kuma ya ce jininki ya yi ƙasa, ya ba ki ƙwayoyi.

Ƙwayoyi! Yarinya, ba ciwo gare ki ba, hunturu ne ya kwanta miki a jini. Wata huɗu mutum yana cin busasshen wake da naman gishiri da abincin gwangwani, bai sa koren ganye a baki ba, ai dole jini ya yi tsatsa. Da ƙanƙara ta narke, Ubangiji yakan fito da maganin daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da makonsa. Haka yayata Roda, kakarki, ta riƙe 'ya'ya tara, likita bai taɓa taka mata ƙofa ba.

Ga saiwar sasafaras nan na haƙo miki jiya, na ɗaure a tsumma. Ki tafasa har ruwan ya yi ja, kofi ɗaya kowace safiya, kwana tara. Bayan shi sai ganyen kirisi na bakin rafi da albasar daji. Albasar za ta sa Denzil ya yi kwana uku bai matso kusa da ke ba, wannan ma hutu ne. Kuma ki ji ni da kyau: ganyen bazara, maganinsa a cikin romonsa yake. Mutanen birni su dafa, su zubar da ruwan, su ci dusar banza. Ke kada ki zubar ko ɗigo. Ki tsoma wainar masara a ciki, ki shanye.

Sai kuma sarkinsu, pok. Roda takan ce wanda ya ci pok sau uku a bazara ya sallami likita har shekara ta zagayo. A soya shi da kitse, a fasa masa ƙwai. Na gaban gidana bai leƙo ba tukuna, naku na arewa kuwa zai ƙara makara.

Fensirin ya ƙare, ya koma kamar haƙorina. Ki gaida mai dogon wuya.

Kakanki,
Hargis Napier

*

Dayton, Ohio
11 ga Afrilu, 1954

Kaka Hargis, tsoho mai ran ƙarfe,

Ina gaishe ka, da gwiwa da Sanata. Denzil ya ce in gaya maka wuyansa ya gode, yana nan yana ƙara tsawo.

Saiwar ta iso, ambulan ɗin duk ya cika da ƙamshin gida. Da na buɗe sai na tsinci kaina ina kuka a kan teburin kicin, ban san dalili ba. Shekarata takwas aka taho da ni garin nan, na ɗauka na manta komai, ashe hancina bai manta ba. Na sha kwana taran cif. Ban sani ba ko shi ne ko rana ce da ta fara fitowa, amma yanzu ina kaiwa sama ban zauna ba, sai dai in tsaya in yi haki.

Kirisi kam babu. Na tambayi mai kayan miya, ya dube ni kamar na ce ya sayar mini da wutsiyar aljani. Albasar daji ma haka. Nan ba rafi, Kaka, sai kwalta da hayaƙi. Denzil ya ce: "Ke da ƙwayar likita a hannu, tsoho zai mai da ke saniya." Na ce masa saniyar ta fi shi ƙiba.

Saura pok. Ina tuna ɗanɗanonsa, ina tuna Kaka Roda tsaye a kan tukunyar ƙarfen nan tata, tururi ya rufe ta, tana korata waje. Amma kamanninsa a ƙasa ban riƙe ba. Inna ta rasu ban tambaye ta ba, kai kaɗai ka rage da ya sani. A ina yake fitowa? Ina son in warke, Kaka. Shugabar layinmu a masana'anta ta ce in na sake faɗuwa a gaban inji za su sallame ni.

Jikarka,
Oleta

*

Kwarin Laurel
19 ga Afrilu, 1954

Oleta,

Ina gaishe ki. Lafiyata lau, sai tari kaɗan. Na ji daɗi ƙafarki ta fara kai ki sama. Ki gaya wa Denzil saniya ba ta zuwa asibiti.

Jikar Roda ce ke tambayar kamannin pok? Kai, duniya ta lalace! To, saurara. Ba ya son gona mai kyau, shi ɗan bakin hanya ne kamar mu. Ki duba gindin shinge, wurin da aka taɓa ƙona shara, gefen layin dogo. Tsuntsaye ne ke shuka shi, duk inda suke sauka yana nan. Ki nemi busasshen karansa na bara, fari ne, dogo, cikinsa rami. A gindinsa sabon yake ɓullowa, ganyen santsi, faffaɗa, a naɗe kamar kunnen ɗan alfadari. Namu ya fito, na ci na farko jiya, har yanzu ina jin jikina kamar na ɗan shekara sittin.

Sauran kuma kin sani, ba sai na ɓata fensiri ba. Ko 'yar da ba ta iya ɗaura zane ba a kwarin nan ta san yadda ake dafa pok.

Sama ta yi baƙi ƙirin a kan dutse, ina ganin ruwa za mu sha bana.

Kakanki,
Hargis

*

Dayton
16 ga Mayu, 1954

Kaka,

Gaisuwa da fatan tari ya tafi. Ni jirin ya dawo makon jiya, sai da wata ta riƙe ni a wurin aiki, muka ɓoye wa shugaba. Amma albishirinka, na samo shi!

A bayan masana'anta, gindin shingen layin dogo, da fararen karan bara kamar yadda ka faɗa. Tun farkon wata na gan shi, amma ɗan mitsitsi ne, bai fi yatsa ba, na ce wannan ko cokali ba zai cika ba. Sai na bar shi ya girma. Kullum da rana nakan je in duba shi kamar mai renon jariri. Yanzu ya wuce gwiwata, karan ya yi kauri, ya yi ja wur kamar jini. Na ce lallai Kaka ya san abin da yake faɗa, abin da ya yi ja haka ai dole ya ƙara jini.

Na tumɓuko guda in gani, sai ga saiwa ƙatuwa, fara, kamar dankali. Na ajiye ta a taga. Tunda saiwar sasafaras ta yi mini amfani haka, wannan zan yayyanka ta a cikin tukunyar, ƙarfin ya haɗu wuri ɗaya.

Lahadi mai zuwa ba aiki, ranar zan dafa. Kada ka damu, na riƙe maganarka, ko ɗigo ba zan zubar ba. Har garin masara na saya don wainar. Denzil ya rantse ba zai sa ciyawar layin dogo a bakinsa ba. Na ce madalla, rabona ya ƙaru.

Jikarka mai jin magana,
Oleta

*

Gidan waya, Laurel
Laraba, 26 ga Mayu

Oleta, Oleta,

KADA KI CI. In yana tukunya ki zubar. Ki jefar da saiwar inda ko kare ba zai kai ba, ki wanke hannunki, ki wanke tagar.

Ban gaishe ki ba, ki yafe. A tsaye nake rubutu a kan kantar Mossie mai gidan waya. Ruwa ya ɗauke gadar katako, kwana tara mota ba ta shigo ba, yau aka kawo buhun wasiƙu a kan doki. Na ba Mossie ta karanta mini don sauri. Da ta kai wurin jan kara sai ta ɗago kai ta dube ni. Na ce, "Ci gaba mana, tsohuwa, harshen ya ƙage ne?" Ta ce, "Hargis, me ka rubuta wa yarinyar nan?" Da ta kai wurin saiwa, sai na zauna a kan buhun gishiri. Na ce wace Lahadi za ta dafa? Ta ƙirga a kalanda, ta ce wadda ta wuce.

Amma mutum yakan fasa. Wataƙila an kira ki aiki. Wataƙila Denzil ya zubar, Allah ya sa ya zubar, in ya yi haka ba zan ƙara taɓa wuyansa ba har in mutu.

Ki ji, ko da na makara. Pok guba ne. Dukansa guba ne, daga saiwa har 'ya'ya. Ɗan mitsitsin nan da kika raina, shi kaɗai ake ci, wanda bai wuce taƙi ɗaya ba, kore shar, ba ja ko kaɗan. A yanke shi sama da ƙasa, wuƙa ba ta taɓa saiwa. A tafasa, a zubar da ruwan. A zuba sabo, a tafasa, a zubar. A sake na uku, a matse. Sannan ya ga kitse. Tururin da kika tuna Roda a ciki, ruwan da take zubarwa ne, shi ya sa take korar ki.

Maganar romo ta kirisi ce. Kirisi nake nufi! Mossie ta ce, "Ai ba haka ka rubuta ba, in ji wasiƙarta." Na ce wa zai zaci akwai ɗan Adam da bai san ana zubar da ruwan pok ba? Ta ce, "Wanda aka ɗauke daga nan yana shekara takwas, jaki kawai." Ban rama ba. Shekara hamsin muna zagin juna da matar nan, yau ita ce da gaskiya.

Yanzu zan hau Sanata in ƙetare dutse zuwa gari, in buga miki tangaraho, saƙon waya na gaggawa. Mil goma sha ɗaya ne. Mossie tana ta ihu gwiwata ba za ta kai ba. Ta kai ko kada ta kai.

Ki amsa mini, ko kalma ɗaya.

Hargis

*

Kwarin Laurel
Lahadi, 30 ga Mayu

Oleta,

Ina gaishe ki, in kina inda gaisuwa ke isa. Na buga tangarahon ran Alhamis da safe. Na wuni a bakin ofishin, na sake wuni ran Juma'a. Mutumin ya ce, "Baba, ka tafi gida, in amsa ta zo za a aiko." Ba a aiko ba.

Yau ce ranar gyaran kaburbura. Kin tuna? Kowa ya zo da fartanya da furanni da abinci, a share tudun maƙabarta, sannan in tsaya in kira sunayen, da wanda ya haifi wa, da abin da ya kashe kowa. Mutum tamanin da bakwai, ba takarda, shekara talatin ban taɓa tuntuɓe ba. Yau na kai kan dutse na goma sha huɗu, ɗan ƙarami na gindin itacen al'ul, bakina ya mutu. Jama'a suna jira. Fasto ya kama hannuna ya ce tsufa ne, a ba shi ruwa.

Ba tsufa ba ne.

Denzil, in kai ne ka buɗe wannan, don girman Allah ka rubuto. Zagi ma ina so.

Hargis

*

Dayton
28 ga Mayu, 1954

Malam Napier,

Ba ni da gaisuwar da zan yi muku. Tangarahonku ya zo jiya, ya makara da kwana huɗu.

Oleta tana asibiti tun ran Lahadi. Ta ci kwano guda, ta shanye romon a gabana, tana yatsine fuska don ɗaci da ƙuna. Na ce ki bari haka. Ta ce, "Kaka ya ce ko ɗigo." Ba a yi awa biyu ba ta fara amai, sai gudawa, har da jini. Na ɗauko ta daga bene a kafaɗa, ba ta san ni ba. Sun wanke mata ciki, sun sa mata ruwa a jijiya. Likita ya ce dama jikinta ba ƙarfi, yanzu ƙodarta ta tsaya. In ta tashi cikin 'yan kwanakin nan, to. In ba ta tashi ba, ya ce in kira danginta. Na ce masa dangin ne suka kawo ta nan.

Wasiƙunku suna aljihuna. Na karanta su ya fi sau ashirin ina neman inda kuka ce a zubar. Babu. Kuna da wurin zagin wuyana, kuna da wurin alfadari, amma layi ɗaya da zai tsare ranta kun ce ɓata fensiri ne.

Kada ku ƙara rubuto mata. Ku riƙe ganyenku da matattunku.

Denzil Pennington

*

Kwarin Laurel
2 ga Yuni, 1954

Denzil, ɗana,

Na gode da ka rubuto. Duk abin da ka faɗa haka ne, ban cire ko harafi ba. Ka ce kada in rubuta mata, to kai nake rubuta wa. In ka ga dama ka karanta mata a kunne, ko tana ji ko ba ta ji. In ka ga dama ka sa a murhu. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Dutse na goma sha huɗu a tudunmu, sunan da ke kai Oleta Napier. Ƙanwata ce, shekararta shida. Sunanta Roda ta mayar wa matarka. Kowace shekara nakan tsaya a kanta in ce zazzaɓi. Matarka ma zazzaɓi ta sani. Ƙarya ce.

Bazarar 1888 ce, ina da shekara goma sha ɗaya. Hunturun ya yi tsawo, masara ta ƙare, innarmu tana kwance ba jini a fuska, babanmu yana can wajen saran katako. Na ce ni ne namijin gida, ni zan wanke wa Inna jini. Ƙasa ba ta fito da kore ba tukuna. Na ga busasshen karan pok a gindin shinge, na ce tunda ganyensa magani ne, kuma saiwar sasafaras magani ce, ai saiwar wannan ta fi. Ka ji? Lissafin da matarka ta yi, shi na yi, ba bambancin ko gashi. Na gasa ta a toka. Oleta tana biye da ni, dama ko'ina tana biye da ni, tana cewa, "Yaya, dankali ne? Yaya, ɗan ba ni." Yunwa take ji. Na ɓare na ba ta rabi. Ta ce da ɗaci. Na ce magani ne, cinye.

Kafin rana ta faɗi washegari ta tafi.

Inna ta tashi daga gadon ciwo, ta kama kunnena, ta ce, "Zazzaɓi ne. Faɗi." Na ce zazzaɓi ne. Ta ce, "Haka za ka faɗa wa ubanka, haka za ka faɗa wa kowa har ka mutu." Don ta cece ni ta yi. Roda kaɗai ta sani, shi ya sa duk ranar dafa pok take korar yara daga kicin, ba ta faɗin dalili.

To ka gani. Ni ne mai riƙe da labarin kowa a kwarin nan. Na san wanda bishiya ta danne, na san wanda ramin haƙar kwal ya cinye, na ba matarka labarin duka tana ƙarama a kan gwiwata. Guda ɗaya tak da zai amfane ta, shi na haɗiye. Da ta san abin da ya kashe mai sunanta, da ko da sanda ba za ta taɓa saiwar nan ba. Na ce wa Mossie mantuwa na yi, na ce wa kaina fensiri ne ya ƙare. Ba haka ba ne. Sau biyu hannuna ya zo wurin da zan rubuta guba, sau biyu ya kauce, kamar yadda Sanata ke kauce wa wurin da ya taɓa faɗuwa. Shekara sittin da shida ban haɗa kalmar nan da pok a bakina ba.

Ban roƙe ka gafara ba, ba lokacinta ba ne. Abu ɗaya nake roƙo. In ta tafi, kada ka binne ta a cikin hayaƙin nan, ka kawo ta tudu. In tsaya a kansu su biyu in faɗi gaskiya da ƙarfi, sannan a nemi wani mai kiran sunaye.

In kuma tana numfashi, ka ce mata tsohon banza yana zaune a bakin gidan waya.

Hargis Napier

*

Gidan waya, Laurel
9 ga Yuni

Denzil,

Mako guda ke nan. Kullum ina nan tun kafin motar wasiƙu ta iso. Mossie ta daina zagina, abinci take kawo mini, wannan ya fi komai ba ni tsoro. Layi ɗaya, ɗana. Ko a raye, ko a'a.

H. N.

*

Dayton
13 ga Yuni, 1954

Kaka,

Ina gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutun, yau naka ya fi nawa kyau.

Ban mutu ba, in ma jira kake. Ƙodar ta tashi a kwana na tara. Shekaranjiya aka sallamo ni, na rame kamar karan bara, kunu kawai nake sha. Aikin ya tafi, sun sa wata. Ban damu ba tukuna, wataƙila gobe in damu.

Denzil ya riƙe wasiƙarka kwana shida bai faɗa mini ba. Ya ce ya buɗe murhu sau biyu. Rannan ya zauna a bakin gado ya ce, "Tsohon nan naki ya rubuto, ni ba zan iya riƙe wannan ni kaɗai ba." Ya fara karantawa. Da ya kai wurin "Yaya, ɗan ba ni" sai ya miƙo mini takardar ya fita baranda.

Na yi fushi da kai, Kaka, ba zan ɓoye ba. Ba don romon ba. Don ina ɗauke da sunan yarinyar nan shekara ashirin da shida ban san ta ba. Amma shekararka sha ɗaya, innarka kake son ceta. Ni da nake da ashirin da shida ma lissafinka na yi. Ruwan farko ka riƙe a ciki tun ran nan, ba ka zubar ba. Ya isa haka.

Denzil ya je ya sare na bakin shingen da adda, kamar mai kashe maciji. Maƙwabciyarmu ta ce a banza, baɗi zai sake fitowa. To, ni ba zan bari abin da ya riƙe 'ya'yan Roda tara ya ƙare a kaina da sunan guba ba. Ina son in iya. Amma ba a takarda ba, na ƙoshi da takardarka. Sai ka tsaya a bayana, ka ga hannuna, ka buge shi in ya kauce. Likita ya hana ni tafiya har ƙarshen shekara, kai kuwa shekararka saba'in da bakwai, ba na son mu yi ta jiran juna. Akwai ɗaki a nan. Ka zo ka yi hunturu da mu, ka kira mini sunaye tamanin da bakwai ɗin in rubuta, na sha huɗun da gaskiyarsa. Da bazara mu je layin dogo tare.

Na san za ka ce ba ka taɓa ƙetare kogin Ohio ba.

Jikarka,
Oleta

Denzil ya ce in ƙara: gadon gajere ne, kuma ba a shigo masa da alfadari.

*

Kwarin Laurel
17 ga Yuni, 1954

Oleta, mai sunan ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaida Denzil da sunansa. Lafiyata lau. Mossie ta karanta layin farko ta ce, "Tana raye, tsohon jaki!" ta kwaɗa mini ambulan a ka. Sauran ni na karanta da kaina, a hankali, ko akuya ɗaya ba ta tsere ba.

Jiya na hau tudu. Ba ranar taro ba ce, amma na sa Mossie da Fasto suka biyo ni, don magana ba shaida iska ce. Na tsaya a kan na goma sha huɗu na faɗa da ƙarfi, da sunan saiwar, da sunan wanda ya ba ta. Fasto ya fara neman aya. Mossie ta ce, "Bar shi, ya gama." Muka sauko.

Ban taɓa ƙetare kogin Ohio ba, kuma ban ga abin da ke can da zai sa mutum mai hankali ya ƙetare ba. Hunturu kuma ya yi nisa, ba zan jira shi ba. Wake ya fara a lambu, tumatir yana tafe, mai shan kunun nan kuma tana bukatar wanda zai tsaya mata a kai. Sanata zai zauna wurin Mossie, su ƙarata, halinsu ɗaya.

Motar safa tana tashi daga gari ran Talata da safe, an ce tana isa wurinku da la'asar. Ki ce wa Denzil ya tarye ni a tasha. Bai taɓa ganina ba, amma ba zai sha wuya ba. Ni ne tsohon da ke rungume da tukunyar Roda.

Kakanki,
Hargis